Filin Tambaya da Amsa: Alheri Ba Biki Ba Ne da Ake Ramawa

Tun da aka yi sujadar godiya ta kaka wasiƙu suka taru mini, wasu a takarda, wasu ta WhatsApp a wayar jikana, wanda shi ke karanta mini su bayan tuwon dare, don idanuna ba sa jure hasken waya. Na ware guda huɗu. Masu su ba su san juna ba, amma da na jera su sai na ga wuri ɗaya ke yi musu ciwo. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye.

TAMBAYA, daga wata 'yar'uwa a Ƙofar Ƙaura, Katsina

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni gwauruwa ce, ina sayar da gero da dawa da wake. Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyar, na buga wa tiyata gindi, na yi kusan shekara uku ina awo da ita. Daga baya na tuba, na yar da ita. Yau shekara tara ke nan. Ba na fashin sujada, ba na fashin zumuntar mata, ina fitar da zakkata, ina azumi kowace Laraba. Amma in na kwanta sai in yi ta lissafi, shin abin da na yi ya kai ya biya? Surukina ya ce in daina wahalar da kaina, alheri ya gama komai. In haka ne, azumin nan da zakkar nan na mene ne? In kuwa ba haka ba ne, yaushe zan san na gama biya?

AMSA

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya miki yaran nan. Sau biyu na sa aka karanta mini wasiƙarki. Zan fara da abin da zai yi wa kunnenki nauyi kafin ya sanyaya miki zuciya: ba ki biya ba. Ko kin ɗora wata shekara tara a kan wannan, ba za ki biya ba. Ba kuma wanda ya aike ki ki biya.

Na san inda lissafin nan ya samo tushe, domin a cikinsa aka raine mu duka. Ku mata kun fi mu sanin biki. In ƙawarki ta kawo miki turmin atamfa ranar sunan ɗanki, kin riga kin rubuta shi a zuciya, ranar da nata ya zo sai kin kai abin da ya fi shi, in ba haka ba kunya ta hana ki haɗa ido da ita. Tsakanin mutum da mutum abu ne mai kyau, shi ke riƙe zumunci. Ɓarnar tana shigowa ne sa'ad da muka ɗauki wannan ma'auni muka nufi gaban Allah da shi. Muna jin an ce alheri, sai zuciya ta fassara mana shi da biki: an yi mini, dole in rama. Manzo Bulus ya raba abubuwan nan biyu da wuƙa. A Romawa 4:4 ya ce abin da ake ba ma'aikaci ba kyauta ba ce, hakkinsa ne. A Romawa 11:6 ya ce in dai ta wurin alheri ne, to ba ta wurin ayyuka ba ne, in ba haka ba alheri ya daina zama alheri. A Afisawa 2:8 da 9 kuma ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ƙoƙarin kanmu ba, don kada wani ya sami abin fariya.

Bari in ba ki labarin mahaifina, domin a wurinsa na fara ganin abin nan da idona tun kafin in iya karatu. Bamaguje ne daga ƙasar Kafur. Addinin da ya tashi a ciki na ba ni in ba ka ne. Kafin a sa fartanya a gona sai an yanka jan zakara a wurin tsafin gida, in ciwo ya shigo sai a nemi baƙin bunsuru. In an yanka abu bai yi ba, sai a ce yankan ne bai isa ba, a ƙara. Da kuturta ta kama shi ya yi yanka har garken ya ƙare, sannan aka kai shi Babbar Ruga, nan bayan garin Katsina, inda ma'aikatan mishan na SIM suke jinyar masu wannan cuta tun shekarun 1930. Shekara huɗu ya yi a can. A can ya fara jin ana karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi, fassarar nan ta 1932 wadda Likita Mila na Wusasa ya sha wahala ƙwarai a kanta.

Ranar da maganar ta shige shi, ya kira mai bisharar da ke zagaya su ya ce, “To na yarda. Me zan yanka?” Mutumin ya ce, “An riga an yanka.” Ya ce, “To me zan kawo?” Ya ce, “Kawo kanka.” Mahaifina ya dubi hannuwansa, a lokacin yatsu uku suka rage masa a dama, hagu kuwa dungu ne. Har ya tsufa yana cewa da a ce yatsunsa goma suna nan, da ya nemi abin da zai riƙo ya miƙa, amma da yake ba abin riƙo, sai ya buɗe abin da ya rage ya karɓa.

Ina ɗan shekara bakwai ya dawo gida. Akwai wata gonar fadama da ya ƙwace daga hannun matar ƙanensa bayan ƙanen ya mutu, ita ce gonar da ta fi kowace ciyar da mu. Bai yi wata guda da dawowa ba ya tara dattawan gida ya mayar mata da ita a gabansu. Ba fasto a garinmu a lokacin, ba dattijon ikkilisiya, ba wanda ya ce ya yi. Mahaifiyata ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, ba kuma zan ga laifinta ba, don ita ke auna abin da ke cikin rumbu. Abin da ya ce mata shi ne, wanda aka yafe wa rumbu guda ba ya riƙe wa wani dami. Bai mayar da gonar don a karɓe shi ba. An karɓe shi tun a Babbar Ruga, gonar tana hannunsa. Karɓar da aka yi masa ce ta sa gonar ta yi masa nauyi har ya sauke ta.

Haka yake a Luka 19. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, yana bisa itacen ɓaure Yesu ya ce masa ya sauko, yau a gidansa zai sauka. A lokacin Zakka bai mayar wa kowa ko anini ba. Sai da baƙon ya shiga gida sannan ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ki lura da wanda ya fara zuwa. Da yawanmu mun juya labarin, muna so mu gama rabon dukiya tukuna sannan mu aika a kira Yesu.

Ke 'yar kasuwa ce, kin san littafin bashi. Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafa ta da ƙusa a kan gicciye. Tiyar nan tana cikin abin da aka rubuta a takardar. Laifi ne na gaske, ba zan rage miki shi ba, Maimaitawar Shari'a 25 ta hana ajiye mudu iri biyu, Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Amma kin furta shi, 1 Yahaya 1:9 kuwa ta ce in mun furta, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake. Lissafin da kike yi da dare, kina buɗe shafin da mai littafin ya riga ya ja wa layi ne.

Saura mutanen da kika tauye wa awo. Nan ne surukinki ya tsaya a rabin hanya. A wasiƙarki kin lissafa sujada da zakka da azumi, amma ban ji kin ambaci ko mutum ɗaya cikinsu ba, ina kuma zaton wannan ne ainihin abin da ke hana ki barci. Mai shekara uku tana awo ta san masu zuwa wurinta kullum, mai ƙosai, mai fura, mai tuwon sayarwa. Wadda take da rai kuma kin san gidanta, ki auna abin da za ki iya, ki ɗauka ki kai mata, ki gaya mata gaskiya. Zai yi wuya, wata ma ta yaɗa ki a kasuwa. Waɗanda ba za ki iya samu ba, ki riƙa cika tiya har ta yi tozo, ki yi wa mai ƙaramin ƙarfi gyara mai kauri, ki tuna da marayun da ke layinku. Ba Allah kike biya da wannan ba. Maƙwabta kike mayar wa abinsu, da hannun da aka riga aka kwance.

Azumin Laraba kuwa, ki tambayi zuciyarki. In yunwar Allah ce ke sa ki, ki ci gaba, ni ma ina yi. In kuwa zubin adashi ne kike yi kina jiran ranar ɗauka, ki ajiye shi wata guda cur, ranar Laraba ki ci abincinki ki yi godiya, ki karanta Romawa 8 daga farko har ƙarshe. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, ba kuwa wanda ya taɓa ɗaukar tukwici a matsayin kuɗin kayan da aka aiko.

TAMBAYA, daga wani matashi, tela a Daura

Baba, a shagon da nake ɗinki ni kaɗai ne Kirista, muna kuma zaman lafiya. Wani abokin aikina ya tambaye ni, ba da faɗa ba, ya ce tun da kun ce an riga an biya muku, me zai hana ku yi abin da kuka ga dama? Na rasa amsa. Na kuma ji wani mai wa'azi a Facebook yana cewa wanda ke ƙarƙashin alheri zunubi ba ya ƙirguwa a kansa, ko tuba ba ya bukata. Sannan Bulus ya ce bangaskiya ba ayyuka ba, Yakubu ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Wa zan bi?

AMSA

Ɗana, abokin aikinka ya yi tambaya mai kyau, ka gode masa. Ba sabuwa ba ce. Bulus da kansa ya yi ta a Romawa 6:1, ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya amsa da cewa a'a, ko kusa, mu da muka mutu ga zunubi ta yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa? Mai wa'azin da ka saurara ya karanta sura ta 5 ya rufe littafin. Ka daina sauraronsa. Yesu ya ce a Matiyu 7:21 ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga Mulkin Sama ba, sai mai yin nufin Ubansa. Titus 2:11 da 12 kuma ta ce alherin nan da ya kawo ceto shi ne yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Wato alheri malami ne. Wanda ya ce ya karɓe shi amma shekara da shekaru bai koyi ko baƙi ɗaya ba, ya kamata ya tambayi kansa ko ya taɓa shiga ajin.

Kai ɗan Daura ne, ka san abin da ake faɗa game da Kusugu. Mutanen gari ba su ne suka kashe macijin ba, baƙo ne ya yi aikin da dare suna barci, da safe suka tarar an buɗe musu rijiya. Ba wanda ya biya. Amma ka taɓa jin wanda ya ce tun da ruwan kyauta ne bari in zuba shara a ciki? Misali ne kawai, kada ka ja shi ya wuce inda ya tsaya.

Wanda ya fi kusa da maganar Littafi shi ne bambancin ɗan ƙodago da ɗan gida. Dukansu suna iya yin noma a kunya ɗaya, gumi ɗaya, rana ɗaya. Ɗan ƙodago yana duban inuwa, in la'asar ta yi a sallame shi ya tafi, in kuma bai yi aiki ba babu ko sisi. Ɗan gida ba noman ne ya mai da shi ɗa ba. Ko yana kwance ba lafiya tuwonsa na nan. Duk da haka shi ne zai tashi da tsakar dare in ya ji shanu sun shiga gona. Galatiyawa 4 ta ce an mai da mu 'ya'ya, kamar maraya da aka ɗauko riƙo aka ba shi sunan gida da rabon gado. Yaron da aka yi wa haka in ya ce tun da ba za a kore ni ba bari in sa wa rumbu wuta, ai bai san gidan da ya shigo ba. Shi ya sa Yesu ya ce a Yahaya 14:15, in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnina. Ko a Tsohon Alkawari jerin ke nan. A Fitowa 14 aka ƙetare teku, sai a wata na uku aka iso Dutsen Sinai, Dokoki Goma kuma a Fitowa 20 sun fara ne da tunin cewa shi ne Ubangiji wanda ya fisshe su daga Masar. Ba a ba su doka a cikin bauta aka ce in sun cika za a fitar da su ba.

Batun Bulus da Yakubu, mutanen nan biyu sun san juna, sun zauna a taro ɗaya a Urushalima, yana nan a Ayyukan Manzanni 15. A Galatiyawa 2:9 da 10 Bulus ya ce Yakubu da Bitrus da Yahaya sun ba shi hannu, abin da suka roƙa kawai a tuna da matalauta, shi kuwa ya ce dama abin da yake ɗokin yi ke nan. Marasa lafiyarsu ne daban. Bulus yana fama da masu cewa sai an yi kaciya an kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓi mutum. Yakubu yana fama da masu ganin ɗan'uwa tsirara da yunwa su ce masa ya sauka lafiya, Allah ya ƙosar da shi, ba su ba shi komai ba. Abin da ya fi burge ni, aya ɗaya dukansu suka jawo, Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Bulus ya tsaya a daren da aka nuna wa Ibrahim taurari, tun ba a haifi Isma'ilu ba. Yakubu ya bi shi har Farawa 22, bayan shekaru masu yawa, ranar da ya ɗora Ishaku a kan bagade. Ɗaya yana nuna ranar shuka, ɗaya yana nuna ranar girbi, iri ɗaya ne a gona ɗaya. Ka kuma ƙara aya ta 10 a kan Afisawa 2:8 da 9, wadda yawanci ake tsallakewa: an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi.

Abokinka kuwa, ka gaya masa da ladabi cewa a bangaskiyarmu ba ma yin biyayya don a karɓe mu, muna yi ne don an karɓe mu, wanda kuma ba ya yi muna shakkar ko ya karɓa. Ba sai kun yi gardama ba. Sauran amsar tana kan kekenka. In ka ce wa mutum ɗinkinsa Alhamis, ya same shi Alhamis, ko da ana jajibirin Salla ko Kirsimeti, in ba za ka iya ba kada ka karɓa. Yadin da ya ragu ka naɗe ka sa masa a leda. Mutumin da kuke kwana a shago ɗaya zai ga wannan kafin ya ji kowace aya.

TAMBAYA, daga wani magidanci a Sabon Layi, Katsina

Baba, ni ɗan ECWA ne, matata 'yar Katolika. Kullum sai na ce mata su ayyuka suka dogara da su, ita kuma ta ce mu mun mai da ceto araha. Yara sun fara girma suna ji.

AMSA

Ɗana, dukanku kun ɗora wa juna abin da ɗayan bai faɗa ba. Tun a farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum yana iya cika nufin Allah da ƙarfin kansa. Wanda ya fi kowa tsaya masa shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ɗan nahiyarmu ke nan. Taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kartaj a 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus, Katolika da mu duka mun gaji wannan hukunci. Rabuwa ta zo bayan 1517, lokacin da Martin Luta a Jamus ya tashi a kan sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Taron shugabannin Katolika a Tirent ya ba da amsarsu a 1547 a kan baratarwa, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbag na Jamus, wakilan Katolika da na Lutaran suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana sabunta zuciya yana kiranmu ga kyawawan ayyuka. 'Yan Metodis sun shiga a 2006.

Bambanci yana nan, ba zan ɓoye ba. Ni na tsaya a kan cewa baratarwa hukunci ne da Allah ya yanke sau ɗaya saboda Almasihu, tsarkakewa kuma tana biyo baya har mutuwa. Su sun haɗa sabuntawar zuciya a cikin baratarwar, sun kuma ba baftisma da furta zunubi gaban fada matsayin da mu ba mu ba su ba. Waɗannan abin zama ne a tattauna da Littafi a buɗe. Amma a jihar nan da ba mu da yawa, ranar da aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na Katolika a Katsina a ƙarshen 2023, ba 'yan cocinsa kaɗai suka yi murna ba. Ku daina wannan magana a gaban yara. Ku karanta musu misalin ɗan da ya ɓata a Luka 15 tare, kai ka karanta rabin ƙaramin ɗa, ita ta karanta rabin babban.

TAMBAYA, daga wani ɗan'uwa a ƙasar Malumfashi

Baba, an sa ni a horon ikkilisiya wata shida saboda giya. Saura wata ɗaya a maido ni na sāke sha. Ba wanda ya sani. Na daina zuwa sujada don kunya. Shin cetona ya tafi?

AMSA

Ɗana, na ji nauyin wasiƙarka, na kuma yi maka addu'a kafin in fara amsawa. Masu bi na gaskiya sun daɗe da rabuwa a kan ko wanda aka cece shi yana iya fāɗuwa har abada. Masu bin koyarwar malamin nan Kalbin, waɗanda suka ce ba ya fāɗuwa, suna riƙe da Yahaya 10:28, cewa ba mai ƙwace tumakin daga hannun makiyayi. Masu bin koyarwar malamin nan Wesli, waɗanda suka ce yana iya fāɗuwa, suna nuna gargaɗin Ibraniyawa 6 da 10. Ni ina tare da na farko, ina kuma karanta gargaɗin da rawar jiki. Amma dukan ɓangarorin biyu abu ɗaya za su ce wa mutumin da ya rubuto irin wasiƙarka: ka tashi ka koma. Wanda ya mutu ba ya jin zafin ƙaya. Kai kana ji.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, ya fita ya yi kuka mai zafi. A Yahaya 21, a bakin wata wutar gawayi, aka ba shi gurasa da kifi tukuna, sannan aka tambaye shi sau uku ko yana ƙauna, aka kuma damƙa masa kiwon tumaki. Horon da dattawa suka sa ka ba kora ba ce. Ibraniyawa 12 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo, ɗan da ba a yi wa horo shi ne abin tausayi. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka ba shan ba ne, kalmar nan ce, ba wanda ya sani. Giya ta fi ƙarfi a wurin da ba ido.

Filibiyawa 2:12 da 13 ta ce mu yi ta aikata cetonmu da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinmu, shi ke ba da niyya, shi ke ba da ikon yi. To ga naka aikin. Kafin Lahadi ka je wurin dattijo ɗaya da ka amince da shi ka gaya masa ranar da ka sha da inda ka sha. In sun ƙara maka watanni, ka karɓa. Ranar kasuwa ka canja hanyar dawowa, kada ka bi ta ƙofar gidan da ake dafawa, kuɗin cinikin kuma ka damƙa wa uwargida tun kafin magariba. In ka lura hannunka yana rawa da safe, ko gumi yana karyo maka in ba ka sha ba, kada ka yanke shi kai kaɗai a ɗaki, ka je asibiti ka gaya wa likita, domin jikin da ya saba yana iya shiga haɗari in an tsayar farat ɗaya, neman magani kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Ranar Lahadi ka shiga majami'a ka zauna a bencin baya inda aka ajiye ka. Ba za a miƙo maka jibin Ubangiji ba tukuna, amma za ka ji karatu da wa'azi daidai da wanda ke bencin gaba. Bayan Ista ka sāke rubuto mini, ka gaya mini abin da dattijon ya ce da kuma hanyar da kake bi yanzu in ka taso daga kasuwa.